Wa Ya Koya wa Dindo Magana?

Na ga abin da kuka rubuta a ƙasan kashin da ya wuce, kuma na gode, har ke baiwar Allah da kika ce in ban rage zargi ba zan tsufa daga ni sai kyanwata. Ba ni da kyanwa. Amma maganarki ta zauna min, don uwar da ta haife ni ma kusan kullum sai ta faɗi irinta. Ga waɗanda yau suka fara karantawa: sunana Luningning, kowa Ning yake ce min, shekarata ashirin da tara, kuma zargi shi ne sana'ata. Albashi ake biyana a kansa.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a tsakiyar Winnipeg, saman wani asibitin haƙori. Muna da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da ke karanta saƙonnin da 'yan damfara ke tura wa mutane, irin su “an rufe asusunki, latsa nan” da “kayanki sun maƙale a hanya, biya kuɗin fito,” ta tare su tun ba su yi ɓarna ba. Doris muke kiranta, sunan wata tsohuwar sakatariya da aka ce ko katin gaisuwar Kirsimeti sai ta ɗaga shi a haske kafin ta buɗe. Abin da Doris ta yi kokwanto a kai, ni da abokiyar aikina Kendra ake turo wa mu duba da idon mutum. Wanda ya wuni yana karatun ƙarya, in ya dawo gida aka ce masa sannu da zuwa sai ya tsaya neman abin da ake nufi. Haka na koma, ban musa ba.

Gidanmu ɗan ƙarami ne mai farin fenti, ɗaki biyu da falo da ɗakin ƙasa. Tatay, wato mahaifina, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar tagogi kafin ya gama biyansa, ya yi hunturu guda a cikinsa hankali kwance, sai Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu daga ni sai Nanay, wato mahaifiyata. Ba mu da gona a Batangas, can ƙasar da iyayena suka baro, ba mu da gwal a ɓoye. Gidan nan shi kaɗai ne abin da uwata za ta jingina da shi ranar da ƙarfinta ya ƙare, kuma duk abin da za ku ji na yi, saboda shi na yi.

Sai ga Dindo. Matan cocinmu ne suka haɗa baki suka turo shi. Makanikin bas-bas ɗin gari ne, gajere kakkaura, gefen farcensa ba ya rabuwa da baƙin mai ko ya wanke da me. Neman aure irin na iyayenmu yake yi, wanda uwa ake fara nema kafin 'ya. Kafin mu tashi ya share mana ƙanƙarar ƙofar gida ya wuce aiki. Shi ya gyara mana injin ɗumama gida. Buhun shinkafa shi ke ɗaukowa daga shago ya sauka da shi ɗakin ƙasa. In ya shigo, sai ya kama hannun Nanay ya kai goshinsa, ya ce “Tita Perla,” wato Gwaggo Perla, sunanta ke nan, ya sami kujera can gefe ya zauna. Yawanci maganarsa ta ranar ke nan. In na tambaye shi ya aiki, sai ya ce “Lafiya,” ya ci gaba da kallon takalminsa.

Amma a waya wani mutum ne daban. Ga kaɗan daga abin da yake turo min:

“Kin ci abinci? Kada ki bari aiki ya cinye ki, ke ba ki ci komai ba.”

“Kin daɗe kina ɗauke da kowa. Ni so nake in san wa ke ɗaukar ki.”

“Akwai wani shiru da ke shiga gida bayan an yi rashi. Na san shi. Ba sai kin yi min bayani ba.”

Ba zan ɓoye muku ba, wannan na ukun a banɗakin ofis na karanta shi, na fito ido jawur na ce wa Kendra mura ce. Na fara son mutumin, ko in ce na fara son wanda ke cikin wayar. Na riƙa gaya wa kaina akwai masu nauyin baki da hannunsu ya fi harshensu, ba laifi ba ne. Sai dai can ƙasan raina wani abu ya ƙi kwanciya, don na san inda nake jin magana mai santsi irin wannan, kuma ba a coci ba ne.

Ranar Lahadi abin ya fara warwarewa. Na fito da baƙar rigata ta kullum, Nanay ta tare ni a bakin ɗaki.

“Anak, 'yata, jana'iza za mu?”

“Coci za mu, Nanay.”

“To koma ki sa koriyar da na sayo miki. Da 'yan kunnen lu'ulu'un nan. Yaron nan yana zuwa cin abinci, ke kuma kina yawo kamar mai karɓar haraji.”

“Ai ba ya ɗaga kai ya kalle ni balle ya san launin rigata.”

“Kunya ce. Ubanki ma haka yake. Ke dai kin fi son wanda zai zo ya cika miki kunne da surutu ya tafi. Shekara talatin na ƙwanƙwasa miki ƙofa, kina nan kina binciken mutane.”

Na sa koriyar, mai dogon hannu da ɗan maɗauri a ƙugu. Ita kuwa Nanay ta rina gashinta baƙi wuluk, ta shafa wani jan baki da ban san tana da shi ba, ta ɗaura ɗan gyalen siliki a wuya. Na lura, amma na ɗauka rawar kan surukuta ce, tana so matan coci su san ta kusa aurar da 'ya. Kun ga mai sana'ar zargi ke nan.

Da muka dawo, tsani na tarar jingine da bango, Dindo a samansa cikin wannan sanyi, yana share ƙanƙarar rufin da hannu yana leƙa katako ɗaya bayan ɗaya. Ya sauko ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango. Ba wanda ya ce min rufinmu na yoyo. Na tsaya a taga ina kallonsa, ina tuna yadda masu kimanta gida suke yi kafin a sa masa farashi.

A teburi Nanay ta jera adobon kaza da shinkafa da soyayyen kifi, ta cika masa faranti har yana zuba. Muna cikin ci, mutumin da ba ya haɗa jimla guda ya ajiye cokali ya ce:

“Tita, gidan nan da sunanki yake ke kaɗai?”

Na juya na kalli Nanay.

“Ci abinci, Dindo, yana hucewa,” in ji Nanay da sauri, ta ƙara masa miya. Ba ta kalle ni ba.

Da yamma, bayan ya tafi, saƙonsa ya shigo: “Ya gwiwar taki da sanyin nan? Ki riƙa shafa mai kafin ki kwanta. Kuma abin da ke tsakaninmu kada ki cika faɗa wa mutane, ba kowa ke son ganin farin cikin wani ba.”

Masu karatu, lafiyar gwiwata ƙalau. Da gudu nake hawa benen ofishinmu.

Washegari na yi abin da dokar aikinmu ta hana. Na jira Kendra ta tafi ɗumama abincinta, na kwafe saƙonnin Dindo tun daga na farko, na goge sunana, na zuba wa Doris. Ina roƙon Allah ta ba ni kore, alamar ba damfara ba ce, in ji kunyar kaina in huta. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba allon ya yi jawur.

Bari in gaya muku yadda take aiki, don ku san ba duba take yi ba. Doris ba kalma ɗaya take kamawa ba. 'Yan damfara da rubutaccen tsari suke aiki, gungu guda su yi ta maimaita shi a kan ɗaruruwan mutane, suna canza suna da gari. Ita kuma ta karanta dubbai daga waɗanda aka cuta suka kawo ƙara, don haka tana gane tafiyar magana, me aka fara da shi, me ya biyo baya, sai ta ce wannan ɗan gidan su wane ne. Dangi muke ce musu, kuma Kendra ce mai raɗa musu suna. Wanda Doris ta jefa Dindo a ciki, Kendra ta daɗe da sa masa Dangin Kin-Ci-Abinci.

“Oho, mutanena sun dawo,” na ji a bayana. Kendra ce riƙe da roba da cokali, tana leƙen allona ta saman tabarau. Doguwa ce, uwar yara uku, ba abin da ke ba ta mamaki. “Wace tsohuwa suka kama wannan karon?”

“Ni ce tsohuwar.”

Ta jawo kujera ta zauna. Ba ta ce min komai a kan doka ba, shi ya sa nake son ta. Ta karanta tun daga sama tana bi da bakin cokali.

“Kin ga, sak. Farko tambayar abinci. Sai tausayi, kina ɗauke da kowa. Sai maganar rashi, don a zama ɗaya. Ga kuma ɓoye sirri ya shigo jiya. Abin da ya rage shi ne matsala ta taso masa, kuɗinsa sun maƙale a wani wuri, ke kaɗai ya yarda da ke.”

“Jiya ya hau rufinmu yana dubawa. Ya tambayi sunan wa ke kan takardar gida.”

Ta daina tauna.

“Wannan ne mai share muku ƙanƙara?”

“Shi.”

“To ni nan ne kaina ya ɗaure, Ning. Na shekara ina karanta dangin nan, ban taɓa jin wanda ya ga fuskar ɗayansu ba. Kullum suna kan teku, ko a wani sansani da ba a barin kyamara. Naki kuwa har shinkafa yake ɗauka. Kuma ba sa bin irinki. Zawarawa suke bi, waɗanda mazansu suka mutu, masu gida da ciwon gwiwa.”

“Yana da wata ke nan. Ko wasu. Ya rikice ya turo min na tsohuwar.”

“Zai yiwu.”

“Ni ƙofa ce kawai. Gidan yake so.”

“Zai yiwu,” ta sake cewa, amma ba da ƙarfi ba. “Ki dai tambaye shi a inda akwai mutane. Kuma goge wannan kafin oga ya shigo ya mayar da mu dangin marasa aiki.”

Ban iya ƙarasa wunin ba. Na ce kaina na ciwo, na hau bas zuwa garejin da Dindo ke aiki. Duk hanya ina tsara abin da zan faɗa masa, ina jin haushin kaina da na yi kuka a banɗaki a kan kalmomin da aka yi wa tsofaffi ɗari kafin ni. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hannun uwata da yake kaiwa goshinsa.

Akwai shagon kofi a tsallaken garejin. Na tura masa cewa ina ciki. Ya shigo da kayan aikinsa shuɗaye da hular ulu, fuskarsa har da ɗan murmushi, don ban taɓa nemansa da kaina ba. Ya tsaya zai saya min wani abu.

“Zauna,” na ce.

Ya zauna.

“Ya gwiwata, Dindo?”

Ya dubi ƙarƙashin teburi, wallahi, kamar zai gan ta a can. “Kin ji ciwo?”

Na tura masa wayata. Ya karanta saƙon jiya, kunnuwansa suka yi ja. Ya cire hular ya shiga murza ta.

“Na manta ban cire wannan ba,” ya ce a hankali.

“Ba ka cire ba daga ina? Mu nawa ne? Wace tsohuwa kake tambaya gwiwarta, kuma me ka riga ka karɓa a hannunta?”

“Ning…”

“Aikina ke nan, ka manta? Na san dangin saƙonnin nan, na san abin da ke zuwa gaba. Saura ka ce min kuɗinka sun maƙale. Ka zo kana share mana ƙofa kana auna rufi, ka ɗauka mata biyu ne ba namiji a gidan, ko?”

Matar da ke teburin kusa ta juyo. Shi kuwa bai yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara tunzura ni. Ya ciro wayarsa, wadda gilashinta ya tsage, ya buɗe, ya ajiye a gabana.

“Ban iya magana ba,” ya ce. “Kin sani. Farkon zuwana na rubuta miki saƙo na goge ya fi sau nawa. Sai na gaya wa Tita. Ta ce in bar mata.”

Na duba. Hirarsa ce da Nanay, ga hotonta nan da furen coci a hannu. Kowace safiya sai ta turo masa saƙo, a ƙasa ta rubuta, “Tura mata wannan.” Wani wurin ta ce, “Cire maganar teku.” Wani wurin, “Ka sa sunanta a farko.” Kin ci abinci, wa ke ɗaukar ki, shirun da ke shiga gida, duk ga su nan, daga wayar uwata suka fito.

Dariya ta so kama ni, ta kunya da ta sauƙi a haɗe. Ashe da uwata nake soyayya wata da watanni. Amma dariyar ba ta kai bakina ba, don Nanay saƙonta ba ya wuce “sayo albasa.”

“A ina ta ce ta samo su?”

“Ta ce wasiƙun da marigayi ya rubuta mata ne lokacin yana nemanta. Shi ya sa ban ga laifi ba. Na ce maganar mahaifinki ce, ba za ta cuce ki ba.”

Tatay bai taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba. Ko katin ranar haihuwa, sunansa kawai yake sawa a ƙasa. Labarin da Nanay ta fi so ta ba mu shi ne yadda ya yi shekara yana ɗebo wa kakata ruwa bai ce uffan ba. Kuma bai taɓa hawa teku ba, ko jirgin ruwan tsallake sai ya yi amai.

Ashe wani ne ke turo wa Nanay saƙonnin nan.

“Rufin fa?” na ce, muryata ta koma ƙarama.

“Ita ta ce min za ta karɓi rance a kan gidan ta gyara rufi. Ta ce in kai ta ofishin masu ba da rancen ranar Alhamis, kada in gaya miki, kina da yawan damuwa. Shi ne na hau in gani.” Ya ɗago ya kalle ni, karon farko ido cikin ido. “Rufin nan zai yi shekara goma bai nemi ƙusa ba, Ning. Na rasa yadda zan faɗa. Shi ya sa na yi tambayar a gabanki, ko za ki ji.”

Na ji tambayar, amma shi na ɗora wa laifi. Na zauna ina kallon baƙin man da ke gefen farcensa, kunya kamar in shige ƙasa. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya riga ni.

“Mu je. Motata na waje.”

A ƙofar gida na ce ya jira ni a mota. Tun daga baranda na jiyo ƙamshin tafarnuwa. Nanay na zaune a kicin tana naɗe lumpiya, wato nama a cikin siririyar fatar fulawa, tiren ya kusa cika, ga wasu biyu a kan firji. Girkin biki ne, ranar Litinin, ba bikin kowa. Wayarta na gefen kwanon, a kife, kan tsumma mai tsabta. Tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

“Kin dawo da wuri. Wanke hannu ki taya ni.”

Na cire rigar sanyi na zauna. Na ɗauki fatar lumpiya ɗaya don hannuna ya sami abin yi.

“Baƙi za mu yi?”

“Mutum ba ya girki sai da baƙi?”

“Nanay, wa ke tambayarki gwiwarki?”

Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba da naɗi, ta shafa ruwa a bakin fatar ta manne.

“Yaron nan ba ya riƙe magana,” ta ce. “Na ɗauka mai shiru ne.”

“Wane ne?”

“Sunansa Walter.” Ta faɗe shi a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba. “Injiniya ne a jirgin da ke shimfiɗa wayoyi a ƙarƙashin teku. Matarsa ta rasu shekarar da ubanki ya rasu. Ranar Asabar zai sauka. Na so in gaya miki in ya iso, ki gan shi da idonki, don na san halinki.”

“Kin taɓa ganinsa?”

“Ina da hotunansa.”

“Yana motsi, yana magana, kin gan shi?”

“Ba a barin kyamara a jirgin.”

“Kuma kuɗinsa sun maƙale.”

Ta ajiye cokalin. “Kamfanin ne ya riƙe masa haƙƙinsa sai ya biya kuɗin sallama. Yana sauka zai mayar. Ba roƙona ya yi ba, ni na ce zan yi. Har faɗa ya yi min.”

“Nanay, babu Walter. Wasu mutane ne a wani ɗaki da wayoyi a gabansu, suna tura wa mata ɗari abu ɗaya. Yau na sa saƙonnin nan a Doris, ta gane su tun ban ɗauke hannu ba. Har suna gare su a ofishinmu. Kalma ɗaya babu wadda aka rubuta dominki.”

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi min tsawa. Murmushi ta yi, irin wanda ake yi wa yaro in ya zo da labarin da aka riga aka sani. Ta goge hannunta, ta juya wayar, ta nemo wani saƙo ta miƙo min. Na makon jiya ne.

“Wata rana 'yarki za ta zo ta ce miki babu ni. Za ta ce na'urarta ce ta gaya mata. Kada ki yi fushi da ita, aikinta ne ya ɓata mata zuciya, kuma tana tsoron kada wani ya zauna a kujerar mahaifinta. Ki yi mata haƙuri. Ni ma zan yi.”

“Kin gani?” in ji Nanay. “Bai taɓa ganinki ba, amma ya san ki.”

“Ya aka yi ya san aikina?”

“Ni nake ba shi labari. Duk abin da kike gaya min in muna cin abinci, yadda Doris ke kama su, abin da take gani da wanda ba ta gani. Yana jin daɗi sosai, ya ce kina da ƙwaƙwalwa. Da na gaya masa kin ce rubutu kawai take karantawa, ba ta jin murya, sai ya ce to maganar gida mu riƙa yinta a baki, kada na'urar banki ta yi mana kuskure ta tare.”

Na tuna ranar da na faɗi haka. A wannan kujerar nake, ina cika baki, ina jin daɗin uwata ta fara sha'awar aikina, har tana yi min tambayoyi.

“Saurare ni,” na ce, na kama hannunta. “Ranar Alhamis kada ki je. Ki ba ni kwana biyu kawai. In na kasa nuna miki, ni da kaina zan kai ki.”

Ta zare hannunta a hankali.

“Na je yau da safe, a bas. Ya ce kada mu jira Alhamis, yaron nan zai iya yin suɓutar baki. Na sa hannu. Gobe kuɗin za su shigo, in tura.”

“Nanay, gidan Tatay ne.”

“Gidana ne. Na wanke tsofaffin mutane a asibiti har bayana ya lanƙwashe, ni ma da gumina a ciki.” Muryarta ba ta tashi ba. “Tun da aka binne ubanki, kin taɓa zama kin tambaye ni yadda nake kwana a ɗakin can? Ki shigo da waya a hannu, ki fita da waya a hannu. Ban ce ba kya sona ba, anak. Amma na gaji da zama uwar wani da matar marigayi. Akwai wanda ke kirana Perla.”

Ina da hujjoji cike da na'ura a ofis, amma a kicin ɗin nan ba ni da ko ɗaya da za ta shiga kunnenta. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da likitan Tatay ya kira mu gefe.

Sai wayar ta yi ƙara a kan teburi. Babu hoto, harafi ɗaya ne kawai a allon. Na kai hannu, ta riga ni, da saurin da ban san tana da shi ba. Ta miƙe ta cire ƙyallen girkin da ta ɗaura, ta gyara gashinta da yatsu kamar zai gan ta.

“Ki ƙarasa naɗin, kada fatar ta bushe,” ta ce.

Ta shiga ɗakinta ta rufe, na ji ta murza makulli. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofar, na ɗaga hannu zan buga. Daga ciki na jiyo muryarta ta ce “Na'am, ina jin ka,” sannan ta yi dariya, doguwa, har da shaƙewa, irin wadda rabona da ji a gidan nan tun Tatay na da rai. Na san abin da ke ɗaya gefen wayar, na san kafin gobe da rana sai na raba ta da shi ko mu rasa gidan. Amma hannuna ya tsaya a sama, na kasa bugawa, na tsaya ina sauraron uwata tana dariya.